Guzurin Ɗalibi da Iyakar Jibiya: Nazarin Kuɗin Binciken Asali da Zama Ɗan Gari a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki mas'alar ɗaukar nauyin ɗaliban digiri na biyu da na uku masu nazarin asali da zama ɗan gari, ta auna ta a kan ƙasar noma ta Funtuwa da Malumfashi a kudancin Jihar Katsina, inda Maguzawa ke zaune tun da daɗewa, alhali takwarorinsu da ake kira Anna suna can kwarin Maraɗi. Da'awarta ita ce sharuɗɗan da ake gindayawa a kan kuɗin bincike sun fi ƙarancin kuɗin yi wa ilmi ɓarna, domin sun bi iyakar da Ingila da Faransa suka shata, sun raba mas'ala guda gida biyu, har aka wayi gari ana ɗaukar Maguzawa wata ƙabila ce ta daban, ga shi kuwa kwatanci da Maraɗi yana nuna cewa matsayi ne da hukuma ke ajiye talakawanta a kai.

Gabatarwa

Wanda ya tashi daga Funtuwa da hantsi, ya bi ta Bakori da Malumfashi da Kankiya har birnin Katsina, sa'an nan ya miƙe ta Jibiya da Ɗan Isa, idan hanya lafiya take kuma iyaka a buɗe, a Maraɗi zai yi sallar magariba, kuma tun daga inda ya hau mota har inda ya sauka ba zai nemi tafinta ba. Tarihi ma haka ya ɗaure wuraren biyu. Bayan jama'ar Shehu sun ci birnin Katsina a 1807, zuriyar sarakunan da aka kora suka yi arewa, daga bisani Ɗankasawa ya kafa musu zama a Maraɗi, inda har yau mai sarautar garin Sarkin Katsina ake ce masa. Kuma cikin ƙarni na 19 duka mutane ba su daina kai da komowa tsakanin Katsinar kudu da ta arewa ba, wasu da hari, kamar a zamanin Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau na Maraɗi, wasu da gudun hijira, wasu kuwa da fatauci ko neman karatu. Iyakar da ta raba su yau yarjejeniyar Turawa ce, wadda aka kafa turakunta tsakanin 1906 da 1908.

Tun da haka al'amarin yake, hankali zai ba mutum cewa ɗalibin da ya ɗaura niyyar sanin wane ne ɗan gari a ƙasar Malumfashi, da yadda baƙo ke zama ɗan gida, da dalilin da ya sa wasu ke shekara ɗari a wuri ana ce musu baƙi, lalle ne ya taka ƙafarsa a ɓangarorin biyu. Amma ba haka ake yi ba. Ɗalibinmu na Zariya ko Katsina ko Dutsinma yana tsayawa inda kuɗinsa ya tsaya, kuɗinsa kuwa, idan ma akwai shi, ba ya ƙetare Jibiya. Abin da nake so in tabbatar shi ne wannan tsayawa ta haifi kuskure a cikin ilmin kansa, kuskuren da ƙarin kuɗi a bisa tsofaffin sharuɗɗa ba zai gyara shi ba.

Ayyukan magabata

Farkon wanda ya zauna da Maguzawa da nufin bincike irin na jami'a shi ne Joseph Greenberg, wanda ya yi aikinsa a ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya buga shi a 1946. Haƙƙinsa ne a faɗi cewa ya gane tasirin malamai da littattafan Musulunci a cikin aƙidar iskoki, bai ɗauki Maguzanci abu ne da bai taɓa cuɗanya da kome ba. Duk da haka, ginshiƙin aikinsa shi ne ɗaukar Bamaguje madubin da za a ga Bahaushen kafin Musulunci a cikinsa, kuma wannan zato, wanda shi ya riƙe shi da taka-tsantsan, waɗanda suka biyo baya sun karɓe shi hannu biyu biyu kamar an yi ijma'i a kansa, har ya zama a kundayen ɗalibai da yawa babin farko yakan buɗe da cewa Maguzawa su ne ragowar Hausawan asali. Jerome Barkow ya kwatanta Musulmi da Maguzawa a tsohuwar Jihar Arewa ta Tsakiya a maƙalarsa ta 1973, kuma shi ma a gefen Nijeriya kwatancin ya tsaya.

Wanda ya girgiza wannan gini tun daga tushe shi ne Yusufu Bala Usman, a kundinsa na digiri na uku a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka buga a 1981 a kan sauyin da Katsina ta yi daga 1400 zuwa 1883. Marigayin ya ƙi yarda a fassara tarihin ƙasar da rigimar ƙabilu, wai Haɓe a nan Fulani a can. Ya nuna cewa ƙasar Katsina, wadda a hannunsa ta haɗa da abin da ke bayan iyakar yau, ta ginu ne da shigowar jama'a iri iri, da sana'o'i, da kafuwar garuruwa, da yadda sarauta ke tara su ko ta watsa su, kuma ya ba Katsina Laka, wato ƙasar Maska da Gozaki da kewayensu, matsayinta na wurin auduga da saƙa da rini wanda ke jawo baƙi. Ni a ganina duk wanda ya karanta wannan littafi da idon basira, sa'an nan ya koma yana neman wata al'umma da ta tsira daga sauyin zamani a gefen Malumfashi, to, bai ɗauki darasin ba. Murray Last, wanda ya zauna cikin wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi tun daga ƙarshen shekarun 1960, ya ƙara wa hujjar ƙarfi ta fuska biyu. A 1979 ya nuna alaƙar musulunta da shiga fatauci da sauyin hanyar neman abinci, a 1993 kuma ya nuna cewa Maguzanci babi ne na fiƙihu, inda aka yi ƙiyasin waɗannan talakawa da Majusawa domin a halatta musu zaman amana da biyan jiziya a ƙarƙashin daular Musulunci. Paul Clough, wanda ya fara zama a Marmara kusa da Malumfashi a 1977, ya dinga komawa har shekarun 1990 kafin littafinsa ya fito a 2014, ya bayyana yadda bashi da biki da aure da ƙwadago ke ɗaure manoma da juna, har dukiya ba ta taruwa sai tare da tara jama'a.

A can hayin kuwa akwai wani ɗakin karatu cikakke wanda ɗalibanmu ba su shiga. Guy Nicolas ya shafe shekaru a kwarin Maraɗi, ya fitar da babban littafinsa a Paris a 1975. Claude Raynaut ya buga nazarinsa na ƙauye guda kusa da Maraɗi a 1972. Marc-Henri Piault ya rubuta tarihin Arawa na Dogon Dutsi a 1970. Duka da Faransanci. Waɗanda suka haɗa ɓangarorin biyu ba su da yawa: M. G. Smith, wanda ya rubuta a kan Maraɗi ta zamanin Ɗan Baskore a 1967, da William Miles, wanda ya kwatanta 'Yardaje da Yekuwa a arewacin Daura cikin littafinsa na 1994.

Hanyar bincike

Na bi hanya biyu. Na karanta ayyukan da aka ambata ina lura da wurin da kowanne ya zauna, da tsawon zamansa, da wanda ya ɗauki nauyinsa inda hakan ya bayyana. Sa'an nan na duba sharuɗɗan cancanta da manyan masu ba da tallafin bincike suka wallafa, na tambayi kowane sharaɗi tambaya guda: shin ɗalibin da ke son ya raba zamansa tsakanin Kafur da Maraɗi zai iya shiga ta wannan ƙofa?

Ƙofofin kuɗi da masu tsaronsu

Babbar taskar bincike a Nijeriya ita ce TETFund, wadda tushenta dokar harajin ilmi ce ta 1993, aka sake mata fasali a 2011, harajin kuma ya tashi daga kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni zuwa kashi 3 a 2023. Asusunta na binciken ƙasa ya tashi daga naira biliyan 5 a 2019 zuwa biliyan 8.5 a 2021, saboda haka ba za a ce baitulmalin wayam yake ba. Sai dai tallafinta na ƙarin karatu na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ɗalibin da ba ma'aikaci ba ba shi da rabo a ciki. Kuma tunanin da aka gina shi a kai shi ne mutum ya yi karatu a gida ko ya tafi wata jami'a ta waje ya zauna, har aka dakatar da sashen na waje daga farkon 2025. Ɗalibin da rajistarsa ke Zariya, amma aikinsa ke bukatar wata shida a ƙauyukan Maraɗi, ba na gida ba ne sosai, ba kuma na waje ba.

Masu tallafi na ƙetare ma sun bi harshen mulkin mallaka. Shirin ilmin ɗan Adam na Afirka da gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyinsa daga 2008 ya taƙaita ga Ghana da Nijeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya da Yuganda. Shirin ɗaliban digiri na uku na majalisar binciken zamantakewa ta SSRC, wanda aka fara a 2011, shi ma jami'o'in waɗannan ƙasashe ya ɗauka, daga baya aka ƙara Kenya. Nijar ba ta ciki. Ma'anar wannan ita ce ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wanda shi ne abokin aikin da ɗalibin Katsina ya fi bukata, ba zai nemi kuɗin da ɗan'uwansa ke nema ba, shi nasa tsarin yana fuskantar majalisar manyan makarantu ta CAMES da Yamai da Paris. Ƙofofin da na samu a buɗe ga mai ƙetare iyaka biyu ne, dukansu a Dakar: ƙaramin tallafin rubuta kundi na majalisar bincike ta CODESRIA, da tallafin tafiya na Cibiyar Binciken Afirka ta Yamma, wanda aka yi shi musamman domin ɗan yankin ya je wata ƙasar yankin. Alheri ne, kuma a gode musu, amma kuɗin ziyara ne, ba su kai na zama ba.

A kan wannan sai a ƙara abin da zamani ya kawo. An rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, sa'an nan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025. Naira kuma ta faɗi warwas bayan Yuni 2023, alhali sefa tana ɗaure da kuɗin Turai ba ta motsi, ta yadda ɗalibin da ya tsara kasafinsa da naira, ya je gaban 'yan canji a Jibiya, sai ya tarar jakunkunan sefa da zai karɓa ba su kai rabin abin da ya ƙiyasta ba, kafin ma ya koyi lissafin kasuwar Maraɗi inda dala ɗaya tamma biyar ce.

Abin da kwatanci ke nunawa, da abin da rashinsa ya jawo

Nan ne zuciyar maƙalar, kuma zan daɗe a kai.

Wanda ya shiga gidan Maguzawa irin na da a ƙasar Malumfashi ko Kafur, abin da zai fara lura da shi shi ne wurin da gidan yake: can tsakiyar gonaki, nesa da ganuwa da kasuwa da masallacin Juma'a, gida guda mai ɗauke da mutane masu yawa a ƙarƙashin gandu ɗaya, rumbuna jere, mata suna fita noma da kansu, suna da gayaunarsu, suna dafa giya, maigida kuma yana riƙe da yankan da ake yi wa iskokin gidan. A zamanin sarakunan Fulani mutanen nan 'yan amana ne, suna biyan jiziya, suna da shugabanninsu a ƙarƙashin dagaci da hakimi, ba su da kujera a fada. Ɗalibin da ya ga wannan kaɗai, kuma ya karanta Greenberg kaɗai, ba laifinsa ba ne idan ya yanke hukunci cewa zaman gefe ɗabi'ar mutanen ce, ko kuwa alamar cewa su wani jinsi ne dabam da aka ci da yaƙi.

To, a ƙetare iyaka a duba. Nicolas ya nuna cewa a kwarin Maraɗi dangogin Anna suna riƙe da gadon sana'o'i, masu noma da mafarauta da masu ruwa da maƙera, kowane dangi da abin da ya gada na tsafi, kuma sarauta tana bukatarsu a hidimomin shekara irin su buɗin daji, domin a ganin jama'a lafiyar damina da albarkar ƙasa suna hannunsu. Smith kuma ya nuna cewa a fadar Maraɗi Iya, wadda 'yar gidan sarauta ce, ita ke shugabancin bori, Durɓi kuwa, mai ɗauke da sunan tsohon gidan mulkin Katsina, yana cikin manya huɗu masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka. Harshe ɗaya ne, iskokin da ake kira da yawansu sunansu ɗaya, tsarin gandu da gayauna ɗaya. Amma a arewa masu wannan gado suna cikin ginin mulki, a kudu kuwa suna bayan ganuwa da takardar amana. Idan al'ada ɗaya ta ba da matsayi biyu a ƙarƙashin hukuma biyu, to, illar bambancin tana wurin hukuma, kuma wannan ƙiyasi ne da ba ya bukatar dogon jayayya. Amma ba ya samuwa sai ga wanda ya ga ɓangarorin biyu, ko aƙalla ya karanta littattafan ɓangarorin biyu.

Akwai shaida ta biyu a cikin gida, wadda kowa ya sani amma ba a cika ɗaukarta hujja ba. Bamagujen da ya musulunta, ya koma gari ko ya kafa masallaci a ƙofar gidansa, kafin jikokinsa su girma ba mai kiransu da wani suna sai Hausawa. Waɗanda suka shiga addinin Kirista, ta hanyar ECWA ko Katolika, da yawansu Hausawa Kirista suke kiran kansu, kuma a 2023 aka kafa wa Katsina dayosis ɗin Katolika nata aka naɗa Bahaushe, Gerald Mamman Musa, ya shugabance shi. Ƙabilar da mutum ke fita daga cikinta da kalmar shahada ko da baftisma, ba tare da ya sauya harshe ko dangi ko gona ba, lalle akwai bukatar a sake duba ko sunan ƙabila ya dace da ita.

Sa'an nan ga mas'alar baƙi, wadda ita ce ɗaya fuskar zancen. Ƙasar laka ta kudancin Katsina ta daɗe tana karɓar mutanen arewa, musamman a shekarun yunwa, irin Kakalaba ta 1914 da farin 1973 da 1974, da kuma masu gudun harajin Faransa da aikin tilas, da 'yan cin rani masu zuwa tsinkar auduga waɗanda wasunsu ba su koma ba. Funtuwa kanta, wadda ta gaji kujerar Sarkin Maska, ta bunƙasa ne da injin gurzar auduga da layin dogon da ya tashi daga Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma jirgin nan ya kawo Yarabawa da Ibo da Nufawa waɗanda jikokinsu ba su san wani gari ba sai shi. Yanzu a dubi yadda ake samun takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Yaro zai je wurin mai unguwa, mai unguwa ya tura shi ga dagaci. Ya durƙusa ya ce, ranka ya daɗe, takardar makaranta nake nema. Dagaci ya tambaye shi, ɗan gidan wa ne kai, ina gonarku. Idan an san uban kuma an san gonar, sai a sa hannu, takarda ta wuce wurin hakimi, daga nan sai sakatariya. Jikan mutumin Tasawa ko Damagaram wanda kakansa ya sari daji a nan, ya yi aure a nan, ana binne mamatansa a maƙabartar garin, yakan wuce wannan tambaya ba tare da an ɗaga kai an dube shi ba, ko da yake asalinsa yana wata ƙasa. Jikan ɗan kasuwar Ogbomosho kuwa, wanda ɗan Nijeriya ne ta kowace fuska, sau da yawa akan ce masa ya je garin ubansa. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora zama ɗan jiha a kan iyaye ko kakanni su kasance daga wata al'umma ta asalin jihar, ya kuma wajabta a sashe na 147 a ɗauki minista ɗan asalin kowace jiha, amma bai fayyace wace ce al'ummar asali ba, sai ya bar hukuncin a zauren dagaci. Ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara illolin wannan a rahotonta na 2006. Abin da rahoton bai bi ba, kuma wanda ƙasar Funtuwa ke koyarwa, shi ne a aikace ma'aunin zama ɗan gari gona ce da aure da addini da harshe, kuma wannan ma'auni ya fi sauƙi ga wanda ya ƙetaro iyakar ƙasa daga arewa fiye da wanda ya zo daga kudu cikin ƙasa ɗaya.

A nan ne kuɗin bincike ya shiga cikin abin da ake bincike. Tallafin karatu na jiha ba ya fita sai da wannan takarda, gurbin aiki a jami'ar tarayya yana bin rabon jihohi wanda shi ma takardar ce shaidarsa, aikin jami'a kuwa shi ne mabuɗin TETFund. Wato takardar da ɗalibi ke son ya yi nazarinta ita ce ta tace shi tun kafin ya fara, ta zubar da wanda ya fi kowa sanin ɗacinta. Ban ga yadda za a yi ilmin da aka tace masu yinsa ta wannan hanya ya tsira daga ɗaukar takardar kamar wani abu ne da Allah ya halitta tare da ƙasa ba.

Masu tallafi na duniya kuma suna da nasu ma'auni. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin al'ummomin asali ta fito a 13 ga Satumba 2007, Nijeriya tana cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Rahoton da Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta amince da shi a 2003 ya karkata ma'anar ga mafarauta da makiyaya da aka mayar saniyar ware, irin Buzaye da Mbororo. Wannan ma'ana tana da amfaninta inda ta dace. Amma manomi mazauni, mai magana da harshen masu rinjaye, wanda bambancinsa da maƙwabcinsa na addini ne da matsayin shari'a, ba ya shiga cikinta sai an lanƙwasa shi. Ɗalibi mai neman guzuri kuwa ya san abin da mai karanta takardarsa ke son ji, sai ya rubuta cewa ga wata ƙabila tana gab da ɓacewa. Haka kuskuren da aka gada daga 1946 ke samun sabon mai ciyar da shi.

Saura zancen lokaci. Duk ayyukan da suka sauya fahimtarmu, na Last da Clough da Nicolas, 'ya'yan dogon zama ne, na shekaru da komowa bayan shekaru, domin ba a gane wanda ake gayyata biki da wanda ake ba bashi ba shaida sai an ga damina da rani sun zagayo. Smith da matarsa Mary sun zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 da kuɗin majalisar binciken zamantakewa ta mulkin mallaka, daga wannan zama ne aka sami labarin Baba ta Karo. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta ga kuɗi masu yawa a shekarun 1970, na shirin noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya fara a 1975, da na binciken cututtuka na Malumfashi da Jami'ar Ahmadu Bello ta yi da makarantar Liverpool, wanda Umaru Shehu ke cikin jagororinsa. An ƙidaya gidaje an auna gonaki, amma iyakar aikin ita ce iyakar shirin. Ɗalibin yau kuwa, da albashin koyarwarsa na firamare ko taimakon wani kawu, mako biyu yake iya yi, saboda haka sai ya raba takardun tambayoyi ya tattara ya koma, takardar tambaya kuwa amsar da aka riga aka zata take dawowa da ita.

Abin da ya kamata

Ba sabon abu nake nema ba. Shehu Usmanu ya tafi Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma al'adar malamanmu ta tafiya neman ilmi ta tsayu ne a kan masauki da ciyarwa da jama'a ke ɗauka. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 take zaune a Yamai, ta isa ta riƙe ƙaramin asusu wanda jihohin Katsina da Maraɗi da attajiran auduga da hatsi za su sa wa hannu ta hanyar waƙafi, a ba da shi ga ɗalibai biyu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, da malamai masu duba aiki daga jami'o'in biyu, a biya shi da kuɗin ƙasar da za a zauna, na tsawon da bai gaza damina da rani ba, kuma kada a nemi takardar asali, shaidar rajista ta wadatar. A sa wata uku na koyon karanta Faransanci ko Ingilishi a cikin kasafin. Kundin kuwa a yarda a rubuta shi da Hausa, tun da Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, jami'o'inmu kuma sun daɗe suna karɓar kundaye da ita, ga shi kuma ita ce harshen da mutanen da ake rubutu a kansu za su iya karantawa su yi gyara.

Iyakar maƙalar

Za a ce na dogara ga littattafan da aka buga, na bar kundayen da ke jibge a ɗakunan karatu na Zariya da Kano da Yamai, kuma gaskiya ne. Za a ce Maraɗin Nicolas ta shekarun 1960 ce, yau wa'azi da makarantu sun rage Anna ƙwarai, wannan ma haka ne, ko da yake hujjata a kan matsayi take, ba ta rataya ga yawan masu yanka ba. Za a kuma ce ko an ba da kuɗin, rashin tsaro a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, da dajin da ke tsakanin Jibiya da Madarumfa, zai hana zama. Na karɓi wannan a kan waɗancan wurare. Amma mutanen da harin ya kora daga ƙauyukansu suna nan a Funtuwa da Malumfashi da Maraɗi, suna neman gona da masauki da makarantar yara a garuruwan da ba nasu ba, kuma ana yanke hukuncin wanda zai zama ɗan gari a cikinsu yanzu, a zaurukan masu unguwa, inda ɗalibi mai guzuri zai iya zama ya saurara.